Kafireta Ce Ta Ƙarshe: Jagorar Rage Wa Babur Shan Mai a Bauchi

Kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. A ranar ce Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki lita ta haye naira 500, kafin shekarar 2024 ta fita kuma an sayar da ita sama da naira 1,000. Tun daga lokacin, duk garejin babur da ka leƙa a Bauchi, a Wunti ne ko Muda Lawal ko can Yelwa wajen ɗaliban ATBU, da wuya ka tashi ba ka ji mai babur yana cewa, "Oga, don Allah a matse mini shi, shan mansa ya yi yawa" ba. Makanike ya ɗauko sukurudireba, ya murɗa wani ɗan sukuru a gefen kafireta, ya ja totur sau biyu, ya ce an gama.

Wannan murɗawa tana iya cutar da inji mai lafiya, kuma sau da yawa ko man ba ta ragewa. Babur ɗin da ya fara shan mai fiye da yadda ya saba, akwai abin da ke damunsa, kuma galibi ba a cikin kafireta matsalar take ba. Akwai tsarin da ake bi: a auna, a duba iska, a duba wuta, a duba abin da ke riƙe tayoyi, sannan a zo kan kafireta. Masu babura irin na gudu nake wa magana, wato irin su Bajaj Pulsar da TVS Apache masu inji 150 zuwa 200, da kuma manyan na hannu da ake shigowa da su daga waje, su Honda CBR da Yamaha R6 da Suzuki GSX-R da Kawasaki Ninja. Amma mai Boxer da ke neman abinci da shi zai tarar kusan duka maganar ta shafe shi.

Fara da awo

Yawancin masu kukan shan mai kuɗi suke lissafawa, ba lita ba. "Na sha na dubu uku jiya, yau ya shiga rizab." Wannan ba awo ba ne, domin farashi yana motsi, kuma ba ka san tsawon tafiyar da ka yi ba.

Ka je gidan mai, ka ɗora babur a kan ƙafarsa ta tsakiya don ya tsaya daidai, a cika tanki har zuwa wata alama da za ka iya tunawa, misali gindin wuyan tankin. Ka rubuta lambar da mita ke nunawa. Ka ci gaba da harkokinka yadda ka saba, ba tare da lallaɓa babur ɗin ba. Bayan ka yi kilomita 150 ko fiye, ka koma gidan man nan, famfon nan, a cika zuwa alamar nan. Litocin da suka shiga su ne abin da ka ƙona. Ka raba kilomita da lita. Idan ka yi kilomita 180 aka zuba lita 4.5, babur ɗinka yana yin kilomita 40 a lita. Komawa famfo ɗaya yana da muhimmanci, domin ko da awonsa bai cika ba, kuskuren iri ɗaya ne kowane lokaci. Idan mitarka ta mutu, kamar yadda take a babura da yawa a garin nan, taswirar waya tana ƙirga tafiya. Gwajin da ake yi da robar ruwa da ɗan mai a ciki, a zagaya unguwa a dawo, tafiyarsa ta yi gajarta, ba a dogara da shi.

Babur mai inji 150 da ke da lafiya, a zirga-zirgar gari, yakan yi kilomita 40 zuwa 50 a lita. Mai inji 600 da silinda huɗu yakan tsaya tsakanin 15 da 20, kuma babu makaniken da zai mayar da shi Boxer. Wanda ya sayi babban babur, ya sayi shan mansa. Amma dubi abin da rashin gyara ke nufi ga ƙaramin babur: mai yin kilomita 30 kullum yana yin 900 a wata. A kan 45 a lita, lita 20 ke nan. A kan 30 a lita, lita 30. Lita goma duk wata ita ce tazarar da ke tsakanin babur mai gyara da wanda aka yi wa sakaci.

Inji iska yake sha fiye da mai

Fetur ba ya ci sai da iska. Don ya ƙone ƙurmus, kowane giram ɗaya na fetur yana buƙatar kimanin giram 14.7 na iska. Idan mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan, abin da ke faruwa a murhu ne zai faru: an cusa itace an toshe mashigar iska, sai hayaƙi da baƙin tukunya. Inji zai yi nauyi, fulogi ya yi baƙi, salansa ta riƙa warin ɗanyen mai. Wannan asarar kuɗi ce, amma ba ta cika kashe inji nan take ba.

Ɗaya gefen ne mai haɗari. Idan aka matse mai iska ta yi rinjaye, zafin cikin silinda yana ƙaruwa, domin shi man da ke shiga yana taimakawa wajen sanyaya kan fistan da bawul. Babur mai sanyaya kansa da iska, a watan Afrilu a Bauchi da zafi ke kusantar maki 40, yana tsaye a cunkoson shataletalen Wunti ba iskar da ke dukansa, dama a bakin iyakarsa yake. A rage masa mai a wannan hali, sai bawul ɗin fitar hayaƙi ya ƙone, ko fistan ya kama, a ce ya buga. Garin neman gira an rasa ido. Kuma tun kafin a kai nan, injin da aka matse ba shi da ƙarfi, sai mai shi ya riƙa buɗe totur fiye da da don ya samu gudun da ya saba, man da aka hana shi ta wata ƙofa ya shiga ta wata.

Shi ya sa ake fara duba matatar iska, wato iyakilina. A garin da ake wata uku ana ƙurar hunturu, ga unguwannin da har yanzu hanyoyinsu ba kwalta, tazarar wanki da ke cikin littafin kamfani ta yi tsawo, a raba ta biyu. Matata ta toshe, kafireta za ta riƙa zuƙo mai da yawa ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Idan ta soso ce, a wanke ta da kananzir, a matse ba tare da murɗewa ba, a bar ta ta bushe, a shafa mata ɗan baƙin mai sabo a sake matsewa har ya zama danshi kawai ya rage. Wannan man shi ke kama ƙurar, soso busasshe rariya ce kawai. Idan ta takarda ce, ba a wanke ta kuma ba a sa mata mai, kakkaɓewa ake yi, in ta yi baƙi a canja. Ka sa yatsa a cikin bututun da ke tsakanin akwatin matatar da kafireta. In ka ji ƙasa-ƙasa, ƙura tana wucewa ta gefe, kuma tana can tana cin zoben fistan.

Kada ka yarda a cire akwatin gaba ɗaya a maƙala ɗan ƙaramin kan nan mai raga don a ji ƙarar zuƙar iska. An yi shi ne don filin tsere, inda babu ƙura kuma ake buɗe inji a kai a kai.

Wuta da bawul

Fulogi shi ne mai ba da labarin abin da ke faruwa a ciki, in an san lokacin tambayarsa. Ba a karanta shi bayan inji ya daɗe yana silo. Ka hau, ka yi tafiya ta minti goma a miƙaƙƙiyar hanya, irin ta Dass ko ta Ningi bayan an fita gari, da totur a tsaye wuri ɗaya, sannan ka kama kuloci ka kashe inji, ka gangara gefe. In ya huce ka kwance fulogin. Bakinsa ruwan ƙasa mai haske, lafiya. Baƙi busasshe mai gari, mai ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke haurowa, wannan kuma maganar zobe ce ko robar bawul, sukurun kafireta ba zai magance ta ba. Fari fat, ko da ƙuraje a jikin farin kaskon, inji yana ƙuna, a nemi dalili tun da wuri.

Tazarar bakin fulogi a irin waɗannan babura takan kasance milimita 0.6 zuwa 0.8, a auna ta da geji, ba da ido ba. A sa lambar fulogin da kamfani ya rubuta, domin ba tsawo da zare kaɗai ne bambancinsu ba, kowanne da yadda yake fitar da zafi. Masu Pulsar su tuna injinsa na DTS-i fulogi biyu gare shi a silinda ɗaya. Ɗaya zai iya mutuwa babur ya ci gaba da tashi, mai shi bai sani ba, sai dai ƙarfi ya ragu mai ya ƙaru.

Saitin bawul kuwa, inji a sanyaye ake yin sa, wanda ya kwana ya fi. Makaniken da ya buɗe murfin bawul kana isowa da inji da zafi, awon da zai yi ba daidai ba ne, don ƙarfe ya riga ya buɗe. A yawancin ƙananan injina tazarar tana tsakanin milimita 0.05 da 0.10, ainihin lambar tana cikin littafin babur ɗin. Mutane sun tsani ƙarar tak-tak, sai su ce a ɗaure har ta ɗauke. Alhali bawul mai ɗan ƙara ya fi wanda ya yi shiru ɗif aminci. Wanda aka ɗaure da yawa ba ya rufewa sosai idan inji ya yi zafi, matsin silinda yana zurarewa, babur ya riƙa wuyar tashi, daga baya bawul ɗin ya ƙone.

Abin da ke riƙe babur

Wannan ɓangaren ba ya cin kuɗi, shi ya sa ake raina shi. Ka ɗora babur a ƙafar tsakiya ka juya tayar baya da hannu, sannan ta gaba. Ya kamata kowace ta yi juyi sumul. In ta tsaya nan da nan ko kana jin gogayya, birki yana kamawa ko boris ya mutu, kuma duk tafiyar da kake yi da mai kake biyan wannan gogayyar.

Iskar taya a duba ta duk mako, da safe kafin taya ta ɗauki zafi. Ga babur irin Pulsar 150, kimanin 25 a gaba da 28 a baya a ma'aunin PSI, in da goyo a kai bayan 32. Ka sayi ƙaramin geji naka, domin na masu faci da yawa ya gaji. Taya mai ƙarancin iska tana jan mai kuma tana cinyewa ta gefe. Wadda aka cika ta yi tauri kuma ba ta kama ƙasa, a kan yashin da ruwa ke sharowa bakin kwalta da damina ita ce ke zame mutum. Faffaɗar tayar da ake sa wa ƙaramin babur don ya yi kama da babba, nauyi ce da ƙarin gogayya, kuma tana ɓata yadda yake shan kwana.

Sarƙa ta samu sassaucin santimita 2 zuwa 3 a tsakiyarta. A wanke da kananzir, a sa mata mai kamar duk kilomita 500, a goge wanda ya yi yawa. Tsohon baƙin mai da ake kwarara mata yana haɗuwa da ƙura ya zama abin da ke cin haƙora. Sarƙar manyan babura tana da ƙananan zoben roba a tsakanin gaɓoɓinta, fetur yana lalata su, kada a wanke ta da shi.

Sai kuloci. Ka shiga giyar ƙarshe a matsakaicin gudu ka buɗe totur. In ƙarar inji ta tashi amma gudu bai biyo ba, kuloci yana zamewa. Ko faifansa sun cinye, ko wayar ta ɗaure ba wasa a hannu, ko an yi juye da man mota. Kulocin babur a cikin baƙin mai yake wanka, wasu mayukan mota kuma suna da sinadarin ƙara santsi da ke sa shi sulɓi. Ka nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa, da kaurin da kamfani ya ce, wanda a ƙananan babura da yawa 20W-50 ne.

Yanzu a zo kan kafireta

In duk waɗannan sun yi daidai kuma awo ya nuna har yanzu ana asara, to an iso. Abin da ya kamata mai babur ya sani shi ne kafireta ƙofofi uku gare ta, kowace da lokacin aikinta. Daga silo zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na totur, ƙaramin jet ne da sukurun gefe ke ba da mai. Daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu, allura ce. Daga nan zuwa ƙarshe, babban jet. Wato sukurun da ake murɗawa a gareji, silo da farkon totur kawai yake taɓawa. Wanda man ke zuba ta wajen allura, ko an ɗaure sukurun nan tamau ba abin da zai canja, sai dai babur ya riƙa mutuwa a kowace tsayawa.

A fara da tsafta da matakin mai. A kwance kwanon ƙasa, a zubar da ruwa da dattin da suka kwanta. A wanke jet da man wanke kafireta a hura iska. Kada a zura masa zaren waya. Jet tagulla ce mai laushi, ramin kuma ƙanƙane ne ƙwarai, zura waya sau biyu ko uku ya isa ya faɗaɗa shi, daga ranar babur ya zama mashayi kuma babu saitin da zai dawo da shi sai sabon jet. A duba fulot da ɗan bawul ɗinsa. In bakinsa ya yi zobe, mai zai riƙa cika kwano fiye da kima, wani lokaci har ka ga yana ɗiga ta bututun ƙasa inda ka ajiye babur. Ana gane matakin ta hanyar sa siririn tiyo mai haske a mazubar kwanon, a lanƙwasa shi sama a jikin kafireta a buɗe sukurun. A yawancin kafiretoci man yakan tsaya kusa da layin da kwano ya haɗu da jiki. Rufe makunnin mai da dare al'ada ce mai kyau, domin fulot mai yoyo yana iya tura fetur har cikin baƙin mai kafin safiya.

Allura da ramin da take shiga suna gogar juna shekara da shekaru, ramin ya buɗe, babur ya riƙa shan mai a daidai gudun da aka fi tafiya da shi. Wannan shi ne ɓarawon da aka fi mantawa da shi a tsohon babur, maganinsa canja su biyun tare. Inda allura ke da tsagogi a samanta, mayar da ɗan maƙalin tsaga ta sama yana saukar da ita, mai ya ragu. Mayar da shi ƙasa yana ɗaga ta, mai ya ƙaru. Tsaga ɗaya ake matsawa a gwada. Kafiretar da ke da faifan roba a samanta, irin ta Pulsar, a ɗaga robar a hasken rana a duba, ƙaramin huji ya isa ya hana babur jan gudu.

Sannan saitin sukurun gefe. Ka hau babur minti goma zuwa sha biyar ya yi zafi sosai, ka tabbatar cok a rufe yake. Da inji a kashe, ka murɗa sukurun ciki a hankali kana ƙirga juyi har ya taɓa ƙarshe, kada ka danna, bakinsa siriri ne yana karyewa. Ka rubuta adadin, ka mayar da shi inda yake. Ka lura da wurin da yake zaune: in yana ɓangaren inji, sukurun mai ne, kwance shi yana ƙara mai. In yana ɓangaren matatar iska, na iska ne, kwance shi yana rage mai. Rashin sanin wannan ya sa wasu ke ƙara mai suna zaton ragewa suke yi.

Ka tayar, ka ɗan ɗaga silo da babban sukurunsa. Ka juya na gefen kwata-kwatan juyi, kana jira daƙiƙa goma bayan kowanne kana saurare. Akwai wurin da inji zai fi sauri kuma ƙararsa ta daidaita, in ka wuce shi ta kowane gefe zai fara sanyi. Nan za ka tsaya. Sai ka sauke silo zuwa kimanin juyi 1,400 a minti. Galibi wurin yakan faɗo tsakanin juyi ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi daga rufe. In sai ka wuce uku, ko ka kusa rufewa gaba ɗaya, kafin inji ya gamsu, to ƙaramin jet ya toshe ko ba nasa ba ne, ko kuma robar da ta haɗa kafireta da inji ta tsage tana satar iska. Gwajin ƙarshe: ka fizgi totur ka saki. In ƙara ta maƙale a sama kafin ta sauko a hankali, mai ya yi kaɗan. In ta faɗo ƙasa da silo kamar zai mutu sannan ta farfaɗo, mai ya yi yawa.

Yanayi ma yana shiga saiti. Da sanyin safiyar Janairu iska ta fi nauyi, babur yana wuyar tashi, sai a je a ƙara masa mai a sukuru, a manta da shi haka har bazara. Aikin cok ke nan: a ja, a tayar, bayan minti ɗaya a mayar. Haka kuma Bauchi tana kan tudun kimanin mita 600 daga teku, Jos kuwa kimanin 1,200. Iskar can ta fi ta nan sauƙi da kusan kashi shida cikin ɗari, shi ya sa babur mai kafireta ke ɗan yin nauyi idan an wuce Toro da Tilden Fulani ana hawa. Don tafiyar kwana ɗaya ba a taɓa komai. Amma wanda ya sayo babur da aka saita a Jos, musamman in dama an matse shi, ya sake duba fulogi bayan ya sauko.

Game da salansa: huda ta ko cire hanjinta don ƙara yana canja yadda inji ke numfashi, yawanci ya bar shi da ƙarancin mai, ka ji yana tas-tas idan an saki totur. Gyaran wannan shi ne ƙara girman jet, wato ƙarin shan mai. Ƙarfin da ake samu a inji 150 bai taka kara ya karya ba, maƙwabta da marasa lafiya kuma su ke biyan sauran da barcinsu. Wanda yawancin tafiyarsa doguwa ce, abin da zai amfane shi shi ne ƙara haƙori ɗaya a faifan sarƙa na gaba. Daga 14 zuwa 15 yana rage juyin inji da kusan kashi bakwai cikin ɗari a gudu ɗaya, sai dai tashin farko da hawa tudu da goyo za su ɗan yi sanyi.

Manyan babura masu kwamfuta

CBR da R6 da 'yan'uwansu na shekarun nan ba su da kafireta. Famfo ne a cikin tanki ke tura mai, kwamfuta kuma tana auna iska da zafi da buɗin totur ta fesa abin da ya dace. Ba su da sukurun rage mai. Sukurun da ke jikin maƙogwaron totur an saita shi daga kamfani, wanda ya murɗa shi ya rikita lissafin kwamfutar. In fitilar gargaɗi ta FI ta kunna, akwai lambar matsala da take nunawa, a nemi mai na'urar karantawa kafin a kwance komai.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke sa su shan mai a nan shi ne cire tamostat da sunan wai ƙasarmu da zafi. In aka cire, inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ƙara mai. In babur yana zafi, a wanke lagireto, a duba fanka, a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya maimakon ruwan rijiya ko na burtsatse da ke barin gishiri a ciki. Batir mai rauni, da matatar mai da ta toshe, da na'urar auna hayaƙi da ta mutu ko aka cire lokacin canja salansa, duk suna ɓata lissafi. Kada a saba tafiya da tanki a ƙasa, man da ke ciki ne ke sanyaya famfon. Su Power Commander da sake rubuta kwamfuta kuwa, don ƙarin ƙarfi aka yi su, kuma ba a saita su daidai sai a kan na'urar gwajin inji. Saitin da aka sauko da shi daga intanet an yi shi ne da fetur da yanayin wata ƙasa. Waɗannan injina matsinsu yana da yawa, a gidajen manmu kuma fetur iri ɗaya ne ba zaɓi. In ka ji ƙarar ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin da ka buɗe totur a babbar giya, ka sassauta ka sauko giya nan take.

Shi kansa man abin lura ne. A watan Fabrairun 2022 hukuma ta tabbatar an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima, ababen hawa da dama suka lalace. Wanda dole ta sa ya sha a wajen 'yan bumburutu, ya tace da ƙyalle mai tsafta, domin jarka tana tara ruwa da datti. Ƙaramar matatar mai a kan tiyo tana da araha kuma tana aiki. Kafur da ake jefawa a tanki da ƙwayoyin da ake tallar suna rage shan mai, ka bar kuɗinka a aljihu.

Hannun dama

Bayan duk gyara, mai riƙe da totur ne ke yanke hukunci. Turjiyar iska ba ta tafiya daidai da gudu, ninkuwa take yi: daga 60 zuwa 90, ko daga 80 zuwa 120, ta ninka fiye da sau biyu. A hanyar Yankari, kimanin kilomita 110 ta Dindima, wanda ya riƙe 80 da wanda ya riƙe 120 tazarar isarsu ba ta kai rabin awa ba, amma tankunansu ba za su yi kama ba, ga shanu da ke tsallaka titi ba sallama. A cikin gari kuwa, fizga daga wannan shataletale zuwa wancan sannan a taka birki shi ne zubar da mai mafi girma. Ka hango gaba, ka saki totur da wuri. Ƙaramin inji ya fi jin daɗi tsakanin juyi 4,000 da 5,500. Shiga giyar ƙarshe ana tafiyar ƙafa, inji yana shure-shure, ba tattali ba ne, wahalar da shi ne.

Da safe minti ɗaya ya isa ɗumama inji, sauran a tafiya a hankali zai samu. In ka tsaya gaisawa, kuma ka san gaisuwarmu ba ta gajarta, ka kashe. Amma kada ka kashe inji ko ka sa firi a gangara, irin ta saukowa daga Jos. Man da za ka tsira da shi bai kai cokali nawa ba, ka rasa riƙon da inji ke yi wa babur, ka bar wa birki aikin duka har ya yi zafi ya daina kamawa. A babura da yawa masu kwamfuta ma, sakin totur cikin giya yana yanke mai da kansa.

Abu ɗaya ake canjawa a lokaci ɗaya, a rubuta shi, a sake awon cika tanki. In aka canja uku rana ɗaya, ba za a san wanda ya yi aiki da wanda ya ɓata ba. In an bi duk wannan kuma lamba ba ta motsa ba, kiki ya yi laushi a ƙafa, baƙin mai yana raguwa tsakanin juye da juye, salansa tana fitar da hayaƙi shuɗi, to a auna matsin silinda. In ya faɗi, aikin zobe ne ko gyaran silinda da sabon fistan. Bayan an haɗa, kilomita 1,000 na farko a tafi da shi a hankali, ana sauya gudu, ba a buɗe totur duka, a yi juyen farko tun a kilomita 500 don a fitar da garin ƙarfen da sabon zobe ya goge.